Baba Kaumi da Tsagaggun Tuluna

Da zarar an sallame sallar asuba a masallacin Hausari, Baba Kaumi ba ya tsayawa gaisuwar ƙofar masallaci, wadda a garin nan takan cinye rabin safiyar mutum. Sai ya saɓa sandar garwa a kafaɗa, garwa ɗaya gaba ɗaya baya, ya riƙe wani guntun rodi a hannun dama, ya kama hanyar da ta tashi daga bakin unguwa ta dire a Kasuwar Shanu. Duk ƙaramar bishiyar da ya iso sai ya tsaya, ya duƙa, ya ƙwanƙwasa wani abu a ƙasa, ya karkata kai yana saurare. Baƙo zai ce tsohon ya sami taɓuwa. Tulu ne yake ƙwanƙwasawa, tsagaggen tulu da aka binne har wuya a gefen dashen, aka rufe bakinsa da sakaina. Ruwan ciki yana naso ta tsagar a hankali, cika ɗaya ta kai kwana huɗu. In ƙarar ta fito a dakushe, akwai ruwa, sai ya yi gaba. In ta fito da amon wofi, sai ya miƙe, ya ambaci wani suna. Da hantsi za a gan shi a ƙofar gidan mai sunan yana sallama.

Kowace bishiya a hanyar nan tana da mai ita, kuma duk yara ne, ko kuwa yara ne a lokacin da suka dasa. Bishiya takan yaye daga tulu bayan rani uku, kowace damina kuma sai sababbin yara su zo da sabon dashe, layi ya ƙara tsawo. A wajen Baba Kaumi tulun da ya bushe labari ne: ko yaron ba shi da lafiya, ko an yi rasuwa a gidan, ko dai lalaci ne ya motsa. Ruwan garwarsa na marasa lafiya ne kawai. Malalaci kuwa, tsohon zai zauna a zaurensu yana hira da ubansa a kan tsadar dawa, ba zai tashi ba sai yaron ya fito da bokiti don kunya.

Shekara goma sha bakwai ke nan yana wannan zagaye. Wanda ya san hanyar kafin 1962 ya san rairayi ne fetal, ko akuya ba ta samun inda za ta raɓe. Yau bishiyar maina, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya, ta haura ɗari uku a jere, dama da hagu. A ƙarƙashinta dillalai ke tafa hannu, wanzamai ke aski, masu fura ke damu, direbobi ke barcin rana da hula a fuska. Kowa yana shan inuwar, kuma bisa al'adarmu kowa ya ɗauka da ita aka halicci garin.

Ga sakayyar da ya samu. A watan Disamban da ya wuce masinja ya kawo masa takarda mai layi biyu, wadda ta ce ya kai shekarun ajiye aiki. Ba a manta da karɓe garwa biyu da shebur ɗaya ba, domin dukiyar hukuma ce, kuma mun san tsananin kishin da ake yi wa dukiyar hukuma matuƙar ba ta wuce girman garwa ba. Wani mahauci ya ba shi wasu biyu, washegari ya fito zagayensa kamar ba a yi ba. Sai kuma a watan Maris aka wayi gari an shafa wa itatuwan jan fenti, ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin kasuwa har bakin unguwa. Za a sare su duka a gina rumfunan siminti.

Tun da ba a yi masa taron sallama ba, ba a ba shi ko agogon bango ba, bari a faɗi abin da ya yi tun yana da kunnen ji.

Lebura ne a gidan rainon itatuwa na gandun daji, Babarbare wanda iyayensa suka zo fataucin kanwa suka zauna. Bai yi boko ba, Hausarsa ma har yau ba ta gama rarrabe mace da namiji ba. A daminar 1961 aka ba shi dashe aka ce ya jera a hanyar kasuwa. Ya jera. Rani ya zo ya ƙone su ƙurmus. Da ya kai kukansa wurin na sama da shi, sai aka kwantar masa da hankali: an riga an rubuta a rahoto cewa an dasa, kuma abin da aka rubuta a rahoto ba ya bushewa.

Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya tuna da kakarsa can Borno, yadda take binne tsagaggen tulu a gindin lallenta. Dabara ta samu, saura tuluna masu yawa da hannuwan da za su cika su. Tsagaggun tuluna kuwa suna bayan ɗakunan mata, inda baligi ba ya shiga. Nan ne Gumsu ta shigo labarin, 'yar maƙwabcinsa mai shekara goma, wadda uwarta ke cewa bakinta ya riga ƙafarta girma. Ita ta tara 'yan mata shida suka riƙa bin gidaje: gafaranku dai, ko akwai tulun da ya tsage? Mata suka yi ta dariya. Wata tsohuwa ta aiko a tambayi Kaumi ko aure zai yi, da yake tara kayan ɗaki daga juji. Duk da haka ta ba da uku.

Maza aka ba su haƙar rami da saro ƙaya daga hanyar Danchuwa don shinge. Iyaye suka zo tambayar abin da za a riƙa ba yaran. Ya ce inuwa, nan da shekara goma in Allah ya kai mu. Wasu suka janye 'ya'yansu nan take, wasu suka bar su, don dai sun gaji da rabon faɗa a ƙofar gida. Sharaɗinsa biyu ne. Wanda ya gudu daga makaranta, ta allo ko ta boko, ba shi da bishiya. Wanda kuma ya haƙa rami da hannunsa ya dasa, bishiyar ta ci sunansa har abada. Ba a rubuta ko ɗaya ba. Duk suna kansa, kuma har yau in aka tare shi a tsakiyar hanya zai jero su, ba tare da ya ba ɗan Ngizim bishiyar ɗan Bolewa ba.

Ta farko a layin, daidai bakin kasuwa, ta Sajo ce. Sajo ɗan Asta ne, wata Bafulatana da mijinta mai koro shanu ya rasu, ta zauna a gari tana sayar da nono. Tun yana da shekara goma sha uku unguwa ta yanke masa hukuncin cewa a gidan yari zai ƙare. Kaumi ya kama shi ya tuge dashe bakwai yana yin bulala da su. Akwai ɗan doka a kusa, har ya fara kwance ɗamara. Kaumi ya ce a bar masa shi. Ya zaunar da yaron, ya tambaye shi yadda ake hana garke bi ta kan abu. Sajo ya dube shi da raini, ya ce shingen da kuka yi na awaki ne, saniya ko kallonsa ba za ta yi ba. Garke bijimin gaba yake bi, in ka karkata shi ka karkata duka. Kaumi ya ce to daga yau kai ne sarkin hanya ranar kasuwa. Mahauta sun shaida cewa tun daga ranar ba a sake taka dashe ko ɗaya ba, kuma yaron da ake kulle kaji saboda shi ya koma shi ke ranƙwashin wanda ya tsinki ganye.

Ta biyu a layin ta Muhammadu Lawan ce, ɗan wani babban attajiri. Da kansa ya zo, da ɗoki, ya haƙa raminsa har tafinsa ya yi bororo. Mako uku ya yi yana cika tulunsa. Ran nan mahaifinsa ya zo wucewa a mota, ya hango shi da garwa a ka cikin 'ya'yan mahauta. Ya fito ya ja kunnensa, ya ce wa Kaumi a gaban jama'a: "Ɗana alƙalami zai riƙe. Ka nemi leburorinka a wani gidan."

Tulun ya bushe. Kaumi ya ƙwanƙwasa ya ji wofi, ya kuma san wannan ƙofar ba ta sallamarsa ba ce. Ya yi niyyar cikawa da kansa washegari, sai ya tarar an riga shi. Da ya tsare Sajo da tambaya, yaron ya noƙe kafaɗa ya ce ai bishiyar nan maƙwabciyar tasa ce, in ta mutu tasa za ta zauna ita kaɗai a bakin kasuwa kamar mayya. Rani uku ya yi yana ɗaukar ruwan mutum biyu, yana zuba mata yana zaginta, yana kiranta 'yar gata. Kaumi bai canja mata suna ba. Wanda ya haƙa rami shi ke da bishiya.

A 1967 Sajo ya shiga soja. A 1969 kayansa aka kawo. Bayan arba'in Asta ta matsar da ƙwaryarta zuwa gindin bishiyarsa, ba ta sake tashi ba. Ɗan farinta ne, Bafulatana kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, da ransa ko ba ransa. Tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. In an tambaye ta inda za a same ta, sai ta ce gindin ta wancan. Kullum da safe ita da Kaumi sai sun taɓa wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ta ce ga bawan gidanmu ya fito da kayan bautarsa, shi kuma ya ce ruwan da take ƙara wa nono ya isa ya rayar da dashe goma, ta ji tsoron Allah ta ba shi rabi.

Sai farin 1973. Rijiyoyi suka ja baya, guga ya riƙa dawowa da laka, shanu suna faɗuwa a hanya kafin a kai su hannun dillali. Dattawan unguwa suka kira Kaumi suka ce ya duba girman Allah, mutane na layin ruwa shi yana shayar da itace. Bai yi musu ba, ya san suna da gaskiya. Ya je wurin liman ya tambaya ko ruwan da ya zuba daga alwala yana da mai shi. Liman ya ce a iya karatunsa dai ƙasa ce ke shanye shi. Kafin Juma'a an ajiye daro a wurin alwala na kowane masallaci a Hausari, yara na kwashewa bayan salla. 'Yan mata suka riƙa karɓo ruwan ɗaurayar kwanuka daga gidaje. Ƙasari ne kawai ya hana a taɓa, ruwan wankin hatsi, ya ce wannan na awaki ne. A shekarar da manyan itatuwan daji suka bushe a tsaye, dashe goma sha ɗaya kawai ya rasa.

Kai ne, Baba Kaumi, ka koya wa yaran nan sauraron wofi, kuma abin bai tsaya a tulu ba. Yarinyar da ta saba shiga gida arba'in neman ruwan ɗauraya ta san gidan da babu abin ɗaurayewa. Yaron da ya saba lura da tulun maƙwabcinsa ya lura da gidan da hayaƙi bai tashi ba kwana biyu. Da aka kawo hatsin agaji, masu rabo suka zauna a ofis suna jiran mayunwata su zo su ba da suna, alhali mai mutunci a garin nan ya gwammace ya mutu a ɗaki da ya tsaya a wannan layin. Yaranka ne suka san ƙofofin. Su suka riƙa kai hatsin a ka, a cikin tulu, don maƙwabta su ɗauka aikin ruwan nan ne da aka saba gani. Gumsu, lokacin tana koyon aikin jinya, ita ta fito da tsofaffi biyu daga gidan da kowa ya ɗauka an yi ƙaura. Takardar yabo kuwa ta sauka a kan teburin da ta saba sauka, wato wanda bai motsa ba.

Shekarar da ta biyo baya har bikin dashen itatuwa aka yi. Wani babba ya zo daga nesa, aka shimfiɗa masa darduma har bakin rami, ya dasa guda ɗaya da shebur mai fentin azurfa, aka tafa, aka kafa allo. Baba Kaumi ya matso da tulu a hannu, wani mai ɗamara ya kore shi, ya ce zai ɓata hoto. Dashen ya mutu a mako na uku. Allon yana nan, bara ma an sake masa fenti.

To, da jan fenti ya bayyana a watan Maris, tsohon ya wanke babbar rigarsa ya tafi ofishin da umarnin ya fito, wanda ba sai an kama sunansa ba. Kwana uku yana zaman benci. A na huɗu aka shigar da shi gaban wani matashi mai tabarau, wanda ya dawo daga jami'a da digiri a kan tsara birane. Muhammadu Lawan ne. Alƙalamin da aka yi masa alkawari ya samu, da shi ma ya sa hannu a takardar saran.

Ya karɓi tsohon da ladabi, wannan gaskiya ce a faɗa, har ya ce kamar ya san fuskar. Baba Kaumi ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, ya kawo kukansa: bayan layin itatuwan akwai fili, in aka ja rumfunan baya taku ashirin ba sai an taɓa ko reshe ba. Matashin ya shimfiɗa taswira, ya nuna masa da bakin biro cewa filin can yana da mai shi, irin mai shi ɗin da ba a tayarwa, nan kuwa babu komai. Taswirar tun ta kafin mulkin kai ce, kuma bai yi ƙarya ba, a cikinta babu komai.

"Baba, itace ne fa kawai. Za a dasa wasu."

"Wa zai ba su ruwa, ranka ya daɗe?"

"Za a kafa kwamiti."

Tsohon ya yi godiya ya fito. Abin da ke cin sa a hanya ya wuce inuwa. Yara sittin ne ke cika tulu a wannan ranin, kuma shi da bakinsa ya gaya wa kowannensu cewa abin da ka dasa naka ne har abada. In gatari ya bi layin nan, to ya yi shekara goma sha bakwai ke nan yana yi wa 'ya'yan mutane ƙarya, kuma babu yaron da zai sake ɗaukar garwa a Potiskum don abin da ba na cikin gidansu ba.

Ran Litinin da hantsi masu sara suka iso, su takwas, da shugabansu Ɗantala. Daga bakin kasuwa suka fara. Baba Kaumi yana can ƙarshen layi wajen ƙananan dashe lokacin da ya jiyo gatari, kafin ya iso da ƙafar tsufa an ci fiye da rabin gindin. An ce wa Asta ta matsa, ta matsa, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma cikin rana. Bishiyar ta yi ƙara, ta karkata, ta kwanta a kan hanya. Da rassan suka daina motsi sai aka ji tsohuwar ta ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci abinci:

"Sajo."

Wanzamin da ke kusa ya ajiye askarsa, ya bar mutum da rabin kai. Shekara talatin ke nan da haihuwar yaron, ranar ne sunan ya fara fita daga bakin uwarsa.

Baba Kaumi ya je gindin ta biyu ya zauna, ya jingina bayansa a kan jan fentin. Ɗantala ya zo ya ce Baba don Allah ka tashi, mu ma aiko mu aka yi. Tsohon ya ce ya sani, amma wannan tana da mai ita, kuma mai ita yana raye, yana cikin gari, a kira shi ya zo a sare a gabansa. Ɗantala ya tambayi ko wane ne. Ya ce wanda ya sa hannu a takardar da ke aljihunka. Ɗantala mutum ne mai son kallo, ga shi kuma tun da ya ji muryar tsohuwar aikin ya fita daga ransa. Ya tura a kira.

Labari ya kai asibiti. Gumsu ta fito da fararen kayan aikinta, ta yi abin da ta yi tana shekara goma, ta bi gidaje da gafaranku dai. Kafin azahar hanya ta cika, amma babu ihu babu jifa, babu abin da zai ba mai kulki aiki. Kowa ya je gindin tasa ya tsaya. Mahauci da jini a riga, malamin firamare da alli a hannu, direban da ya bar shanu a mota, matan aure da goyo, 'yan makaranta a gefen dashen da bai kai ƙugunsu ba. Wanda ke Kano ko Maiduguri ƙaninsa ya tsaya masa. Tun daga kasuwa har unguwa bishiya ɗaya ce ba ta da mai ita a tsaye, wadda tsohon ke jingine da ita.

Muhammadu Lawan ya iso a motar ofis, ya fito yana gyara tabarau, ya fara bayani a kan doka da ci gaba. Baba Kaumi bai miƙe ba, bai kuma ce ranka ya daɗe ba. Ya sa rodinsa ya tone ƙasa a gefensa, har wuyan wani tsohon tulu ya bayyana, wanda saiwa ta daɗe da farfasawa.

"Muhammadu, matso ka gani. Kai ka haƙa ramin nan."

Gumsu ce ta ƙarasa masa. "Tulun gidanku ne, Yallaɓai. Ni na ɗauko shi a kaina. Hajiyarku ta ce in bi ta ƙofar baya kada Alhaji ya gani. Har kuka ka yi da tafinka ya fashe, ni na ɗaure maka da tsumma."

Wasu suka fara dariya, tsohon ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Mako uku ka ba ta ruwa," in ji shi. Ya nuna gungumen da ke kwance a hanya. "Mai wancan ya ba ta rani uku. Ban canja mata suna ba, taka ce. Ɗantala, ba shi gatari. Ba mai hana ka, amma da hannunka."

Ɗantala ya miƙa, da ɗan saurin da ya wuce abin da ladabi ya yarda da shi. Matashin bai karɓa ba. Ya dubi wuyan tulun, ya dubi gungumen, ya dubi Asta, wadda ke tsaye a rana tana tsince ganyen maina daga cikin ƙwaryarta, ba ta ko kalle shi ba. Da a tatsuniya ne da nan zai fashe da kuka. Abin da ya yi shi ne ya gyara murya, ya ce a dakatar da aikin har a sake nazari, ya shiga mota.

Kada kowa ya tafa. An dakatar ne, ba a soke ba. Yau wata biyu, jan fentin yana nan a jikin kowace bishiya, fayil ɗin yana kan wani teburi yana jiran ranar da za mu manta, mu kuwa mutane ne masu saurin mantuwa in dai muna cikin inuwa. Kwana biyu bayan abin, masinja ya zo gidan tsohon da garwa biyun nan da shebur, ya ce Yallaɓai ya ce a dawo da su. Baba Kaumi ya ba masinjan ruwa ya sha, ya ce ya mayar, ya gaya wa Muhammadu garwa ba aiko ta ake yi ba, ɗauko ta ake yi.

Mu da muka yi boko mun ƙware wajen zama a taro muna jimamin yadda yaran zamani suka lalace, ba su san maƙwabci ba, ba su da tausayi. Sai mu koma gida mu kulle namu a ɗaki da littafi, mu ɗauko ɗan wani ya ɗebo musu ruwan wanka. Muhammadu Lawan ba mugu ba ne, ya ma fi yawancinmu ladabi, abin da ya fi ban haushi ke nan. An fizge shi daga layi ne yana shekara goma sha ɗaya, ya tashi ya san garinsu a taswira. Waɗanda aka bari a layin ba su zama waliyai ba, akwai mashayin taba a cikinsu, akwai wanda ya yi saki uku. Amma in gobara ta tashi a Hausari a duba su wa ke kan katanga da bokiti, in an rasa mai haƙar kabari a duba su wa ke cikin rami. Yaron da ya yi rani uku yana shayar da abin da ba zai ci 'ya'yansa ba, ba a sake koya masa cewa garin nasa ne.

Kai ne, Kaumi mai kunnen tulu, ka ɗauki abin da mata suka zubar da yaran da unguwa ta sallama, ka haɗa su a rami ɗaya, ga abin da ya tsiro. Ba ka taɓa tsayawa a gaban jama'a ka yi jawabi a kan tarbiyya ba, kuma da wannan kaɗai ka fi mu. Mun gode, a madadin duk wanda ya taɓa ajiye kaya a hanyar nan ya share gumi, har da waɗanda suka shafa fentin, domin su ma a inuwarka suka zauna suka dama shi. Allah ya saka maka, ya sa ka cikin inuwarsa ranar da babu wata sai tasa.

Sauran kuma, damina ta kusa. Mai tsagaggen tulu kada ta zubar. Mai yaro ya tashe shi bayan asuba ya tura shi, ko da ɗan wane ne, musamman ma in ɗan wane ne. Ranar da aka sake jin gatari kuwa, kowa ya san gindin da zai tsaya.

Kututturen Sajo ya tsiro, rassa biyar masu jan baki, domin maina ba ta mutuwa da sara ɗaya. Tsohon ya kewaye shi da ƙaya, ya binne sabon tulu a gefe. Asta ce ke cika shi, kuma ya ce mata a ƙarshe dai ruwan nono ya sami aikin halal. Ya binne wani tulun a gindin ta biyu. Gumsu ta ce masa Baba, bishiya mai shekara goma sha bakwai me za ta yi da tulu? Ya ce ba don bishiyar ya binne ba.

Kullum da safe yana ƙwanƙwasa su biyun. Na Sajo a dakushe yake amsawa. Ɗayan har jiya amon wofi yake yi. Tsohon ya miƙe, ya ambaci sunan Muhammadu, ya ce wannan karon da hantsi zai je ya yi sallama.